Karatun MBA daga ƙasar noma: A gyara wa ɗalibai ɗaurin kaya, kada a rage musu nauyi

A 'yan shekarun nan an samu wani sabon rukunin matafiya a tashoshin motar Funtuwa da Malumfashi. Cikinsu akwai ma'aikatan banki, da akantocin ƙananan hukumomi, da malaman sakandare, da dillalan taki da maganin feshi, da matasan da suka gaji harkar hatsi daga iyayensu.

Ranar Juma'a da yamma ko Asabar da asuba za ka gan su da jakar kwamfuta a kafaɗa, sun nufi Zariya ko Kano domin karatun digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA.

Ka tambayi kowanensu yaya karatu, amsar kusan ɗaya ce: aiki ya yi yawa. Jinga kan jinga, gwaji kan gwaji, ga gabatar da maƙala a gaban aji, ga kundin bincike na jiran mutum a ƙarshe. Daga nan sai kukan ya koma roƙo, wai a rage musu.

Ni dai ban goyi bayan a rage ba. Digiri na biyu da bai sa mutum gumi ba, takardar ado ce kawai. Abin da nake gani shi ne, kaso mai tsoka na wahalar da ɗalibin yankinmu ke sha ba ta ƙara masa ilimin komai. Wahalar hanya ce, da ta jadawalin da bai san da damina ba, da ta ayyukan da ba su da alaƙa da kasuwar da zai koma cikinta. Jaki ma idan mangala ta karkace, ko kayan ba su kai ƙarfinsa ba sai ya durƙusa.

Mu fara da lissafin awoyi

A tsarin jami'o'in Najeriya, ana auna kowane darasi da abin da ake kira yunit. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako, har tsawon mako 15 na zangon karatu. Ke nan darasi mai yunit uku yana cin awa 45 a aji. Tsohuwar ƙa'idar da jami'o'i da dama a duniya ke bi kuma ita ce, kowace awa ɗaya a aji tana buƙatar kamar awa biyu na karatun ɗalibi shi kaɗai.

To, a ce ɗalibi ya yi rajistar darussa shida masu yunit uku-uku a zango guda: lissafin kuɗi na manajoji, da sarrafa jari, da dabarun tallata haja, da ƙididdiga, da kula da ma'aikata, da hanyoyin bincike. Awa 18 ke nan a aji, awa 36 a gida. Jimla awa 54 a mako.

Mako kuwa awa 168 ne. Cire awa 40 na aikin ofis. Cire 54 na karatu. Cire 49 na barcin awa bakwai a kullum. Abin da ya rage awa 25 ne. A cikinsu ne zai yi tafiyar zuwa makaranta da dawowa, ya yi ibada, ya ci abinci, ya leƙa gona, ya je suna da jana'iza, ya zauna da iyali.

Lissafin ba ya fita, don haka dole a yanke wani abu. Abin da aka fi yankewa shi ne awa 36 ɗin nan na karatun kai, alhali a nan ne ilimin ke zama a ƙwaƙwalwa. Sai a bar ɗalibi da halartar lacca, da sa hannu a takardar halarta, da haddar takardun malami a daren jarrabawa.

Su kansu awoyin ajin, da yake akasarin shirye-shiryen da aka tsara wa ma'aikata a ƙarshen mako ake yin su, sai a cusa su cikin kwana biyu ko uku. Wanda ya zauna a aji tun hantsi, idan la'asar ta yi jikinsa ne kawai ke kan kujera. Ana cewa ba a tauna taura biyu, amma ɗalibin MBA uku yake taunawa: ofis, makaranta da gona.

Harajin hanya

Makarantun da suka fi kusa da mu sanannu ne. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, tana da makarantar koyon kasuwanci da kuma cibiyar karatu daga nesa. Akwai Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero ta Kano, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gina wa mazauni aka miƙa a 2018.

Ɗan Funtuwa zai bi ta Giwa da Shika ya shiga Samaru. Ɗan Malumfashi zai bi ta Dayi da Gwarzo ya shiga Kano. Wanda ke Gozaki da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Kafur kuwa, sai ya fara neman abin hawan da zai fitar da shi babbar hanya kafin ma a ce tafiya ta fara.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama wani kuɗin makaranta na biyu da ba a rubuta shi a takardar shiga ba. Ƙara da kuɗin masauki, da abinci, da fotokwafi, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a Naira dubu 70 tun 2024.

Sannan ga batun tsaro. Kowa ya san halin da yankin Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suka shiga a shekarun nan, kuma babu mai son magariba ta yi masa a hanya. Laccar ƙarfe biyar na yamma, ga ɗalibin da ke zaune a Samaru lacca ce kawai. Ga wanda zai koma Kafur, zaɓi ne tsakanin ya rasa darasin, ko ya biya kuɗin kwana, ko ya sa ransa a hannu.

Abin ya fi tsanani ga mata. Matar aure mai goyo da ke aiki a asibiti ko banki, kwana a wani gari duk mako ba ƙaramar magana ba ce a gidanta. Da yawa daga cikinsu tun kafin a kai ga sayen fom maganar ke mutuwa.

Za a ce ai ga karatu ta intanet. Gaskiya ne ya rage wahala, kuma ya kamata a faɗaɗa shi. Amma mu tuna cewa a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, aka shafe watanni a haka. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Laccar kai-tsaye ta bidiyo mai awa biyu, a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa kuma ake cajin waya a shago, ta fi ƙarfin ɗalibai da yawa. Muryar malami da aka naɗa, wadda ɗalibi zai sauke sau ɗaya ya saurara sau biyar, ta fi amfani a nan.

Jadawalin da bai san damina ba

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi da wuya ka samu ma'aikacin da ba ya noma. Albashi na cefane ne, gona ce ke aurar da 'ya'ya ta kuma gina gida. Sau da yawa ma kuɗin MBA ɗin daga buhunan masara da waken suya ya fito.

Noma kuwa ba ya jiran kowa. Idan ruwa ya zauna a watan Yuni, shuka ta kama. A Yuli ga noma ga zuba taki, kuma masara idan lokacin takinta na biyu ya wuce, ko ka ninka mata daga baya ba za ta rama ba. Daga Oktoba zuwa Disamba kaka ce: karyar masara, da casar wake, da yankan dawa, da cirar auduga. Dillalin taki cinikinsa na shekara cikin 'yan makonnin farkon damina yake. Mai sayen hatsi ya ajiye, kakarsa ce jarinsa.

Idan jarrabawa ta faɗo a tsakiyar waɗannan lokuta, ɗalibi zai bar gona a hannun 'yan ƙwadago ba mai tsayawa a kai, ko kuma ya shiga jarrabawa bai karanta ba. Ko wanne ya zaɓa, asara ce.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kalandar jami'o'in gwamnati ta daɗe ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mutumin da ake koya wa tsara kasafin shekara, shi kansa bai san watan da zai rubuta jarrabawa ba.

Gyaran wannan ba ya buƙatar biliyoyi. A fitar da jadawalin shekara gaba ɗaya tun ranar rajista, kuma a tsaya a kansa. A tattara darussa masu nauyin lissafi a watannin Janairu zuwa Afrilu, lokacin da aikin gonar damina ya lafa, a yi su a dunƙule na mako guda-guda yadda ma'aikaci zai ɗauki hutu ya zauna ya yi karatu da natsuwa. Makarantun kasuwanci da dama a duniya haka suke yi wa manyan ma'aikata. Damina da kaka kuma a mayar da su lokacin aikin fili, domin a lokacin ne kasuwancin yankin ke gudana a idon ɗalibi.

Ga darasi a ƙofar gida, muna karanta na wasu

Makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, wadda aka kafa a 1908, ita ce ta fara ba da digirin MBA. Ta yi suna da wata hanyar koyarwa: a rubuto ainihin matsalar da wani kamfani ya shiga, da alƙalumanta, a ba ɗalibi ya kwana a kai, washegari a tashe shi a aji a ce, da kai ne manaja me za ka yi? Ɗalibansu kan bi ta kan irin waɗannan labarai kusan 500 a shekara biyu. Aikinsu ya fi namu yawa, sai dai kowane aiki horo ne na yanke shawara.

Mu abin da muka fi ɗaukowa shi ne littattafan da misalansu. Ɗalibin da ke sayar da taki a Bakori zai kwana yana rubuta jinga a kan yadda Coca-Cola ke talla ko yadda Toyota ke tsara sito. Sanin wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a gama shekara biyu ba a taɓa tambayarsa komai a kan kasuwar da ke ciyar da shi ba, alhali darussan na zube a ƙofar gida.

Ga auduga. Tun zamanin Turawa kamfanin BCGA ya kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, daga baya aka kafa masaƙa a Funtuwa. Da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, manoma da yawa suka koma masara da waken suya. A ba ɗalibi aiki ya lissafa abin da manomin Gozaki ke kashewa da abin da yake samu a kadada ɗaya ta auduga, ya kwatanta da ta masara, sannan ya faɗi farashin da zai sa a dawo wa auduga. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke fitar da irin auduga tana nan Samaru, kusa da ajin da ake karatun.

Ga masara. A 2024 farashi ya yi tashin da ba a saba gani ba. A watan Yulin shekarar Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara, na kwana 150. A 2025 farashin ya faɗi, taki kuma bai sauko ba, waɗanda suka cika sito suna jiran tsada suka tafka asara. Babu darasin sarrafa haɗarin kasuwanci da ya fi wannan. Nawa ne kuɗin ajiye buhu na wata shida, idan aka haɗa da hayar sito da maganin ƙwari da ramewar nauyi da jarin da aka daskarar? Yaushe ya kamata a sayar?

Ga tumatur. Manoman Ɗanja kan rasa yadda za su yi da shi idan ya yi yawa, alhali masana'antar tumatur ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa ta Jihar Kano a 2016 ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatur ɗin da za ta sarrafa. Ta yaya abu zai yi yawa a gona kuma ya yi ƙaranci a masana'anta? Amsar wannan tambaya ita ce darasin tsarin kai kaya gaba ɗayansa.

Ga tashar tsandauri ta Funtuwa da aka ƙaddamar a 2024. Wane kaya ne yankin zai iya cika kwantena da shi duk wata, kuma nawa zai kai Legas? Ga shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara da Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970 tare da na Gusau da Gombe, ga kuma shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da Babban Banki ya ƙaddamar a 2015, wanda biyan bashinsa ya zama abin cece-kuce. Duka darussa ne a kan ba da rance a karkara.

Aikin da ba ya sayuwa

Akwai wata riba ta biyu ga irin wannan aiki. Kowa ya san yadda kundin bincike da yawa ke kasancewa: tasirin kaza a kan kaza a bankin kaza, a raba takardun tambayoyi, wani lokaci abokai su cike su a zaune. Kowa kuma ya san akwai masu shagon kwamfuta da sana'arsu ke nan, rubuta wa mutane kundi. Yanzu ma ga ChatGPT da ire-irensa, cikin minti biyu jinga ta fito.

Aikin rukuni ma haka. A haɗa mutum bakwai, manyan su ce ga gudummawar data da fotokwafi, ƙaramin cikinsu ya kwana yana yi, kowa ya samu maki ɗaya. Wanda ya yi ya gaji, waɗanda ba su yi ba ba su koyi komai ba.

Amma a ce wa ɗalibi ya bi farashin masara a kasuwar Ɗandume na mako takwas, ya zauna da dillalai da masu sito da direbobi, ya zo ya kare alƙalumansa da baki a gaban malamai. Wannan ba mai shagon da zai rubuta masa, kuma babu manhajar da ta san abin da aka sayar da buhu a kasuwar makon jiya. A aikin rukuni kuma malami ya zaɓi wanda ya ga dama ya yi bayani, makin da ya samu ya zama na kowa. Nan take manyan za su fara karatu.

Abin da za a ce

Za a ce ilimin kasuwanci ɗaya ne a duniya, kuma kada a mayar da MBA digirin ƙauye. Ƙa'idojin ɗaya ne, gaskiya. Lissafin riba da faɗuwa bai san bambancin mota da masara ba. Shi ya sa wanda ya iya shi a kan masara zai iya shi a ko'ina, kuma zai fi riƙe shi domin ya taɓa shi da hannunsa.

Za a ce 'yan kasuwarmu ba sa buɗe littafinsu ga baƙo. Haka ne, amma ɗaliban nan 'ya'yansu ne da ƙannensu da maƙwabtansu. Abin da Alhaji ba zai gaya wa farfesa ba, zai gaya wa ɗan ƙaninsa, musamman idan an ɓoye suna kuma an dawo masa da shawarar da za ta amfane shi.

Za a ce malamai sun yi kaɗan, ɗalibai sun yi yawa, kuma rubuta irin waɗannan darussa na cin kuɗi da lokaci. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Sai dai shirin MBA na daga cikin masu kawo wa jami'o'i kuɗin shiga, don haka ya dace wani kaso ya koma wajen biyan malaman da za su fita fili su rubuto. Hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta Jihar Katsina, KASEDA, da bankunan da ke tura ma'aikatansu karatun, su ma za su iya ɗaukar nauyi, domin su ne za su fara cin moriyar sakamakon.

Kafin ka biya kuɗin rajista

Kai kuma mai niyyar shiga, kafin jami'a ta gyara nata, gyara naka. Idan HND gare ka kamar da yawa daga cikinmu, yawanci sai ka fara yin difilomar PGD, don haka tafiyar ta kusan shekara uku ce. Ka zauna da biro da takarda ka fitar da awoyinka na mako. Idan ba ka ga inda awa 20 na karatun kai za su fito ba, ka rage yawan darussa idan tsarin ya ba da dama, ko ka jinkirta.

Ka sanar da shugabanka a wurin aiki tun farko. Ka yi shawara da iyali, domin daga lokacinsu za a yanka. Ka nemi amintaccen da zai tsaya maka a gona. Ka haɗa kuɗin mota da masauki da data cikin lissafin kuɗin makaranta.

Sannan kowace jinga aka ba ka, ka nemi izinin malami ka yi ta a kan shagonka ko gonarka ko ofishinka. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana yi masa kallon attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma, a kan goro da gyaɗa ya koyi abin da ya sani. Kai ka samu abin da bai samu ba, wato aji da malami da kwamfuta. Idan ka gama shekarun nan ba ka iya faɗin ainihin ribar da buhun masararka ke kawowa ba, to kuɗin mota kawai ka kashe.

Makarantun kasuwancinmu kuma su sani, ɗaliban nan da ke keto hanya duk mako suna ɗauke da sanin kasuwar hatsi da auduga da taki da babu shi a littattafan da aka shigo da su. A ba su aiki mai nauyi, a kan abin da ya shafe su, a lokacin da za su iya yin sa.